Fitattun mutanen Manchester: a ina kuka baro auduga?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan tasharku, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci kan shirin da kuka gabatar game da fitattun mutanen birnin Manchester na ƙasar Ingila. Shirin ya yi daɗin sauraro, amma ƙwallon ƙafa ta cinye mafi yawansa. Mun ji labarin Matt Busby da hatsarin jirgin sama na Munich a 1958, mun ji na Alex Ferguson da kofunan gasar Firimiya 13 da ya ci tsakanin zuwansa a 1986 da ajiye aikinsa a 2013. Ban ga laifinku ba, abin da yawancin masu sauraro suka san birnin da shi ke nan. Sai da lokaci ya kusa ƙarewa aka karanto sunayen masana kimiyya a gaggauce, kamar malami yana kiran suna a aji, ba tare da an faɗi abin da ya tara su a wuri ɗaya ba.

Abin da ya tara su kuwa auduga ce. Wannan ne ƙorafina, domin idan aka cire masaƙu daga labarin, sunayen nan ba su da abin da ya haɗa su.

A duba asalin mutanen da kuka ambata. John Dalton, wanda ya shimfiɗa ka'idar ƙwayar zarra a farkon ƙarni na 19, ɗan masaƙi ne daga yankin Cumberland, ya shigo Manchester a 1793 don koyarwa. Ernest Rutherford daga New Zealand ya fito, ya kama aiki a jami'ar birnin a 1907, kuma a can ne a 1911 ya nuna cewa kusan dukkan nauyin zarra yana dunƙule ne a wata 'yar cibiya a tsakiyarta. Alan Turing haifaffen Landan ne, ya zo a 1948, shekarar da Frederic Williams da Tom Kilburn suka kunna kwamfuta ta farko mai adana umarninta a cikin ƙwaƙwalwarta. Shi kansa Ferguson mutumin Glasgow ne. Yawancinsu baƙi ne, kuma baƙo ba ya barin garinsu sai ya hango inda ake biyan aiki. Jami'ar da ta ɗauki Rutherford da Turing ta samo asali ne daga kwalejin da aka buɗe a 1851 da dukiyar da John Owens, ɗan kasuwar yadi, ya bari a wasiyya. Babban ɗakin karatu na John Rylands, wanda aka buɗe a 1900, matarsa Enriqueta ce ta gina shi don tunawa da shi, shi kuwa da masaƙu ya tara dukiyarsa. Hatta ƙungiyar Manchester United ma'aikatan jirgin ƙasa ne suka kafa ta a 1878, a unguwar Newton Heath.

To, ina audugar take fitowa, kuma su wa ke sarrafa ta? A nan ne sunayen da ban ji ba a shirinku suke.

Kafin yaƙin basasar Amurka, mafi yawan audugar da masaƙun Lancashire, yankin da Manchester ke ciki a lokacin, ke kaɗawa daga gonakin kudancin Amurka take zuwa, inda bayi baƙar fata suke noma ta. A 1860 akwai bayi kusan miliyan 4 a ƙasar. A cikin masaƙun kuma mata da ƙananan yara ne suka fi yawa, cikin ƙura da ƙarar injin da ba ta barin mutum ya ji maganar na kusa da shi, har ma'aikata suka koyi karanta magana daga motsin leɓe. Tun a 1819 doka ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 9 ba aiki a masaƙar auduga, amma sai a 1833 aka naɗa masu sa ido kan bin dokar. Jaridar Guardian, wadda John Edward Taylor ya kafa a Manchester a 1821, ta fito da kanta a 2023 ta nemi afuwa kan alaƙar waɗanda suka kafa ta da cinikin audugar bayi. Idan jaridar da abin ya shafa ta iya faɗa da bakinta, ban ga abin da zai hana tashar da ke magana da 'yan Afirka ta faɗa ba.

Akwai labarin da na so in ji kun tsaya a kansa. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1861, sojojin ruwan Arewacin Amurka suka toshe tashoshin jiragen ruwa na Kudu mai riƙe da bayi, auduga ta daina isowa, masaƙu suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Dubban magidanta suka koma layin karɓar miya da burodi na sadaka. Wasu masu masaƙu da 'yan kasuwar Liverpool sun so gwamnatin Birtaniya ta mara wa Kudu baya a buɗe hanya, kuma ba kowane ma'aikaci ne ya ƙi wannan ra'ayi ba, yunwa ba ta san siyasa ba. Duk da haka, ranar 31 ga Disamba 1862 ma'aikata suka cika zauren Free Trade Hall, suka aika wa Shugaba Abraham Lincoln saƙon goyon baya kan kawar da bauta, alhali takunkumin nasa ne ya raba su da abincinsu. Lincoln ya amsa musu da wasiƙa a watan Janairu 1863. Yau akwai mutum-mutuminsa a tsakiyar birnin. Mutanen da suka ɗaga hannu a zauren kuwa, da cikinsu ba komai, babu wanda ke kiran sunansu a shirin rediyo.

Haka abin yake da Friedrich Engels. Kun ambace shi a matsayin abokin Karl Marx, shi ke nan. Ɗan attajirin Jamus ne da mahaifinsa ya turo a 1842 ya yi aiki a kamfanin zare na Ermen da Engels, kuma ribar wannan kamfani ce ya riƙa aika wa Marx a Landan shekara da shekaru. Wato littattafan da suka fi kowanne sukar jari-hujja, da kuɗin masaƙa aka rubuta su, abin dariya abin tausayi. Masana tarihi da dama sun yi imani cewa wadda ta shiga da shi lunguna ya ga yadda iyalai ke kwana a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa masu danshi ita ce Mary Burns, ma'aikaciya 'yar asalin Ireland. Littafinsa kan halin ma'aikatan Ingila ya fito a 1845 da sunansa shi kaɗai.

Ba zan daɗe kan Emmeline Pankhurst ba, tunda kun taɓo ta. A gidanta na Manchester ta kafa ƙungiyar neman ƙuri'ar mata a 1903, ta rasu a 1928 makonni kaɗan kafin doka ta daidaita mata da maza a wajen zaɓe, kuma birnin bai kafa mata mutum-mutumi ba sai a 2018. Amma gwagwarmayar ƙuri'a a can ta girme ta. Ranar 16 ga Agusta 1819 mutane kimanin 60,000 suka taru a filin St Peter's suna neman wakilci a majalisa, domin duk girman Manchester ba ta da ɗan majalisa nata na kanta. Mahaya dawaki suka afka musu da takubba, mutum goma sha wani abu suka mutu, ɗaruruwa suka ji rauni. Wannan shi ne abin da ake kira Peterloo.

Babban abin da ya ba ni mamaki, Malam Edita, shi ne yadda shirin da 'yan Afirka ke sauraro ya tsallake watan Oktoba na 1945. A zauren taro na Chorlton-on-Medlock aka yi babban taron haɗin kan Afirka karo na 5. Kwame Nkrumah yana cikin masu shirya shi tare da George Padmore, ɗan gwagwarmaya daga tsibirin Trinidad. Jomo Kenyatta da Hastings Banda da Jaja Wachuku sun halarta, W. E. B. Du Bois, fitaccen masani baƙar fata, yana da shekara 77 ya taso daga Amurka, Amy Ashwood Garvey ta shugabanci zaman farko. Tarukan da suka gabata roƙon gyara suke yi wa Turawan mulki, wannan kuwa 'yancin kai ya nema kai tsaye, kuma wakilan ƙungiyoyin ƙwadago da na manoma sun yi yawa a ciki. Ghana ta samu 'yanci a 1957, Kenya a 1963, Malawi a 1964, kowacce a hannun mutumin da ya zauna a wannan zaure. Me ya sa aka zaɓi Manchester? Babban dalili shi ne T. Ras Makonnen, ɗan asalin Guyana, wanda yake da gidajen abinci a birnin, ya iya samar wa baƙi masauki da abinci a lokacin da otal da yawa a Birtaniya ba sa karɓar baƙar fata. Ba shi da farin jinin Nkrumah, amma da babu tukunyarsa da wuya taron ya yiwu.

Sai wasu biyu. Arthur Lewis, ɗan tsibirin Saint Lucia, ya zama farfesa a jami'ar Manchester a 1948, baƙar fata na farko da ya riƙe irin wannan kujera a Birtaniya. A can ya rubuta nazarinsa na 1954 kan yadda ƙasa matalauciya ke bunƙasa idan rarar ma'aikatan karkara suka koma masana'antu, ya kuma samu kyautar Nobel a 1979. Len Johnson kuwa haifaffen birnin ne, a 1902, mahaifinsa ɗan Saliyo. Ya doke manyan 'yan damben zamaninsa, amma ƙa'idar launin fata ta hana shi neman kambun Birtaniya har ya bar dambe. Ko a ɓangaren wasannin da kuka fi ba ƙarfi, ai ya cancanci minti biyu, kamar yadda Marcus Rashford ya cancanci a ambaci yadda ya sa gwamnati ta canza shawara kan abincin 'yan makaranta marasa galihu a 2020, ba ƙwallayen da ya ci kaɗai ba.

Roƙona shi ne ku ware wani shiri na biyu ga Manchester, ku fara shi daga masaƙa da gonar auduga, ku ba taron 1945 haƙƙinsa, ku gayyato malamin tarihi ya yi bayani. Idan kuma kuna da niyyar ci gaba da sauran biranen masana'antu irin su Birmingham da Detroit, don Allah mai gabatarwa ya riƙa faɗa mana sana'ar da ta kawo kowane fitaccen mutum garin, da kuma su wa suka yi aikin da ya biya shi.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa tashar ɗaukaka.

Wassalam,
Mai sauraronku a kullum