A Samar Wa Masu Lambu Irin Tsutsar da ke Kashe Ƙwari

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin malaman gona da masu noman rani zuwa ga wata hanyar yaƙi da ƙwari wadda ba ta buƙatar guba, wato kiwon ƙananan tsutsotsin ƙasa da masana ke kira nematod, waɗanda da ƙyar ido ke ganinsu.

Manomin da ya san wannan suna gabansa zai faɗi, domin danginsu ne ke sa saiwar tumatir da kuɓewa ta yi ƙulu-ƙulu har shuka ta tsumbure. Amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Jinsunan Steinernema da Heterorhabditis ba ruwansu da shuka, ƙwari suke farauta. Sukan kutsa jikin gwazarma ko tsutsar da ke yanke dashe cikin dare, ta baki ko ta kafofin numfashi, su saki ƙwayoyin cutar da suke ɗauke da su, cikin kwana biyu ƙwaron ya mutu. A cikin gawar suke hayayyafa, bayan mako ɗaya zuwa biyu dubban 'ya'yansu su fito neman wani. Tun 1929 wani masanin kimiyya mai suna Rudolf Glaser ya gano irinsu a Amurka.

Kiwonsu a gida ba ya cin kuɗi. Ana ɗiga ruwan da ke ɗauke da irin waɗannan nematod a kan tsutsar nan mai ɓata saƙar zuma a cikin amya, wadda masu kiwon zuma suka sani sarai. Wadda Heterorhabditis ya kashe takan koma ja kuma ba ta wari, amma wadda ta yi baƙi tana ɗoyi ruɓewa kawai ta yi, sai a zubar. Daga nan a kifa murfin kwalba cikin faranti mai ɗan ruwa, a shimfiɗa masa jiƙaƙƙen ƙyalle wanda bakinsa ya taɓa ruwan, a jera gawarwakin a kai, a rufe, a ajiye a inuwa mai sanyi. 'Ya'yan za su gangara cikin ruwan da kansu, a tsiyaye a zuba wa lambu da yamma bayan ban ruwa, saboda hasken rana da bushewar ƙasa na hallaka su nan da nan.

Inda gizo ke saƙa shi ne irin farko. Manomi ba shi da na'urar da zai bambance mai amfani da mai cutarwa, kuma wanda aka shigo da shi daga ƙasashen sanyi ba lallai ne ya jure zafin Maris da Afrilu a Kadawa ko Bakalori ba. Saboda haka ina kira ga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da ke Zariya da ta tace irin da ke cikin ƙasarmu, ta gwada juriyarsa, sannan ta miƙa wa malaman gona su koyar da ƙungiyoyin manoma kafin lokacin dashen tumatir.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Zariya