Baba, na hau tsauni neman bunsuru

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna da su Yaya da yara baki ɗaya. Ya ƙarfin jiki, ya gwiwar nan? Na ji an fara yankan gero, Allah ya sa a kai rumbu lafiya. Ni ma lafiya lau nake, aikin katako na tafiya.

A waya ba na samun sararin ba ka labari yadda nake so, shi ya sa na zauna na rubuta, a karanta maka bayan isha'i. Baba, na je farauta. Kusan shekara biyu na yi ina bin takardunta: sai da na ci jarrabawar mafarauta da ake kira CORE, na karɓi lasisin riƙe bindiga, sannan na sayi takardar izinin dabbar da nake nema, wadda dabba ɗaya tak take ba mutum.

Akuyar tsauni suke ce mata. Fara ce sol, ƙahonta baƙi gajere mai tsini, ga gemu, ga tozo a kafaɗa. Ƙosasshen bunsuru yakan haura kilo 100. Kofatonta gefensa ne mai tauri, tsakiyarsa kamar roba, shi ya sa take tsayawa a jikin dutsen da kai ko hannu ba ka da wurin ɗorawa. Kusan rabin waɗanda ke duniya a nan lardinmu na Biritish Kolombiya, a ƙasar Kanada, suke.

Da wani dattijo abokin aikina muka tafi, wanda ya shekara talatin yana bin tsaunukan yankin Skeena. Daga garin Smithers muka bi hanyar motocin katako har ta ƙare, muka saɓa kaya muka kama hawa. Awa bakwai muna ratsa sarƙaƙiya da wata ƙaya mai faɗin ganye da ke karyewa a cikin fata, har muka kai inda itace ba ya tsiro saboda sanyi. Daga nan sai guntuwar ciyawa, tsakuwa mai zamewa, da ƙanƙarar da ba ta narkewa duk shekara. Abinci nesa da tanti muke ajiye shi saboda beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai haɗari, kowa da gwangwanin feshin barkono na korar ta a ƙugu. Sallar asuba kuwa, ruwan alwala sai na ɗumama shi a kan ɗan risho.

Washegari muka hango garke da madubin hangen nesa, su shida, har da 'ya'ya biyu. Na ɗaga bindiga zuciyata na bugawa, dattijon ya dafa min hannu. Doka ta hana harbin ta-mace mai ɗa, ko wadda ke cikin garken da akwai ɗa. Ya ce akuyar nan ba ta haihuwar fari sai ta kai shekara huɗu ko biyar, kuma galibi ɗaya take haifa, a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni. In aka kashe uwaye kaɗan a tsauni guda, sai a shekara goma garken bai farfaɗo ba. Wallahi Baba, kai na tuna, ranar da muka yi kiciɓis da gada da ɗanta a bakin fadama ka sauke bindiga ka ce mu wuce. Na yi ta ƙunƙuni har gida saboda ina son nama. Ina kwance a kan dutsen nan ina kallon ɗan yana tsalle a bayan uwarsa, sai da idona ya ciko.

Wahalar ita ce namiji da ta-mace duk suna da ƙaho da gemu. Sai ka zauna ka ƙura ido. Ƙahon bunsuru mai kauri ne a gindi, yana lanƙwasa a hankali tun daga ƙasa. Na akuya siriri ne, sai kusa da tsini yake karyawa baya. In ka rasa tabbas sai ka jira ta yi fitsari: namiji miƙewa yake yi, ta-mace ta tsuguna. Ni da na tashi cikin awaki ban taɓa zaton zan yi awa guda ina jiran wannan ba, amma shi ne shaidar da ba ta ƙarya.

Rana ta uku muka samu bunsuru shi kaɗai, gashinsa ya ɗan yi rawaya. Yana kwance a kan wani ɗan tudu a jikin dutse, ƙarƙashinsa rami ne da ba a ganin ƙarshensa. Yana cikin saitina sarai. Dattijon ya ce kul, in ka harbe shi a nan zai gangara, ƙaho ya karye, nama ya dagargaje, mu kuma ba mu isa mu sauka mu ɗauko shi ba. Ka kashe rai a banza ke nan. Muka kwanta a bayan dutse awa huɗu. Hazo ya rufe shi ya buɗe har sau uku, yatsuna suka daina jin kunamar bindiga, sai na riƙa cusa su a hammata. Gab da la'asar ya miƙe, ya sauko kiwo a wani fili mai ciyawa, tazarar kamar mita 200. Na ce Bismillahi, Allahu akbar, na harba a bayan kafaɗa. Na iske shi da sauran rai, na juya shi alƙibla na yanka.

Da na nutsa hannu a gashinsa, ya shige har wuyan hannu. Ƙarƙashin dogon gashin akwai wani lallausa kamar kaɗaɗɗiyar auduga. Da shi 'yan asalin ƙasar nan, irin su Tsimshian da Tlingit, suke saƙa bargon Chilkat na manyansu, ƙahon kuma su sassaƙa cokali. Dattijon ya ƙirga zoben ƙahon, ya ce zai kai shekara takwas.

Muka feɗe shi a nan, muka cire ƙashi, muka raba naman a jakunkuna, domin barin nama a daji laifi ne babba. Saukowa ta fi hawa wuya nesa ba kusa ba, kwana ɗaya da rabi muka yi da kaya a baya. Ƙahon kuma dole a kai wa jami'i ya auna ya rubuta cikin kwana 30, na kai tuni.

Naman yana da tauri, sai an daɗe ana dafawa. Na yi dambu irin na Inna, na raba wa 'yan uwa Musulmi da ke kusa da maƙwabta. Da ana barin nama ya ƙetare iyaka, da cinya guda taka ce. Fatar tana wurin jima, ita zan taho maka da ita ka riƙa shimfiɗawa da hunturu.

Ka gaya min ko har yanzu ana ganin sawun gada a fadamar nan. Kuɗin magani na hannun Yaya, a daure a koma asibiti a duba gwiwar. A gaida Inna, a gaida Kawu, a sa ni a addu'a.

Wassalam,
ɗanka