Malam Edita, a ba wasan kurket wuri ko da a gefen shafi ne

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kuna lafiya, ya aiki ya jama'a.

Ƙorafi ne na kawo, kuma kan shafinku na wasanni ne. Kullum Firimiya, kullum Laliga, in an ɗan matsa sai a ce wane zai koma Saudiyya wane ya yi faɗa da koci, shikenan an gama. Ni ma ina kallon ƙwallo, ba na raina ta, amma wallahi abin ya dame ni yadda aka yi kakar gasar kurket ta Indiya wato IPL ta 2025 tun daga Maris har Yuni, aka yi abin tarihi, aka yi kuka, har rayuka aka rasa, amma ban ga ko layi biyu a kai ba. Alhali mu fa Indiya ba baƙuwarmu ba ce, mun tashi da finafinansu, yaranmu suna karatu a can, marasa lafiyarmu can ake kai su. Shah Rukh Khan da kowane yaro a unguwa ya san fuskarsa yana cikin masu ƙungiyar Kolkata Knight Riders, sau uku suna ɗaukar kofin nan, 2012 da 2014 da 2024. Preity Zinta kuma tana da hannu a Punjab Kings, kuma ba suna kawai ta ba da ba, za ka gan ta a filin wasa tana tsalle da tuta.

Na san abin da za a ce, wai mutanenmu ba su gane wasan ba. To ai ba wuya gare shi ba. Wancan na da da ake kwana biyar ana yi shi ne ya kori mutane, wannan kuwa gajere ne, awa uku da ɗan wani abu an tashi. Kowane ɓangare mutum 11, ana jefo wa kowace ƙungiya ƙwallo sau 120, an kasa su shida-shida zuwa oba 20. Mai riƙe da katako ya doka, in ta gangara ta fita iyakar fili maki huɗu, in ta tsallake ta sama ba ta taɓa ƙasa ba maki shida. In mai jifa ya kaɗe sanduna uku da ke bayan mai katakon ko wani ya cafe ta a sama, ya fita, wani ya shigo. Wanda ya fi maki ya ci. Wasa biyu in mutum ya kalla ya gane, sauran ƙananan dokoki a hankali suke shiga kai. Kuma lokacin ya yi mana daidai, wasan da suke farawa bakwai da rabi na dare a can ƙarfe uku na rana ne a nan, ka tashi ka yi la'asar ka dawo, kafin isha an gama. Da aka buɗe kakar ranar 22 ga Maris muna cikin azumi, wasan yana zuwa ƙarshe ana shirin shan ruwa.

Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne ƙungiyoyin na 'yan kasuwa ne, kowace da birninta, guda goma ne yanzu, wasanni 74 aka tsara a kakar 2025. Hukumar kurket ta Indiya ce ta fara gasar a 2008 da ƙungiya takwas. 'Yan wasa kuwa gwanjonsu ake yi ido na ganin ido, kowace ƙungiya an ƙayyade mata kuɗin da ba za ta wuce ba, don haka mai kuɗi ɗaya ba zai kwashe duk gwanaye ya bar saura da ƙashi ba. Gwanjon wannan kakar a Jidda aka yi shi a Nuwamban 2024, a nan ne Lucknow ta sayi Rishabh Pant kan rupi miliyan 270, sama da dala miliyan uku, kuɗin da ba a taɓa ba wani ba a lokacin, Punjab kuma ta ɗauki Shreyas Iyer kan miliyan 267.5. Pant bai yi abin kirki ba kusan duk kakar sai a wasansu na ƙarshe da ya ci 118, lokacin an riga an fitar da su. Iyer kuwa ya ja Punjab har wasan ƙarshe, rabon su da zuwa can tun 2014.

Amma dokar da nake so masu tafiyar da wasanni a ƙasar nan su kalla da kyau ita ce ta baƙi. Komai kuɗinka ba za ka sa ɗan waje fiye da huɗu cikin sha ɗaya ba, saura bakwai dole 'yan gida. Ta nan ne yaron ƙauye yake samun kansa yana cin abinci tebur ɗaya da manyan 'yan wasan Ostireliya da Ingila da Afirka ta Kudu. Ga Vaibhav Suryavanshi nan, yaro daga jihar Bihar, ɗaya daga cikin jihohin da suka fi talauci a Indiya, yana da shekara 13 Rajasthan Royals ta saye shi kan rupi miliyan 11, mutane suna cewa wannan ai talla ce kawai. Ranar da aka fara sa shi, ƙwallon farko da aka jefo masa sai da ya tsallakar da ita waje, shida. Sannan ranar 28 ga Afrilu a Jaipur yana ɗan shekara 14 ya ci maki ɗari cikin jifa 35 kacal a kan Gujarat Titans, masu jifan nan fa manya ne da suke buga wa ƙasashensu wasa, wasu sun haife shi, amma sau 11 yana aika ƙwallo cikin 'yan kallo. Ni dai tsigar jikina tashi ta yi, ɗan ƙaramar sakandare ne fa Malam Edita, kumatunsa ma ba su gama zama na manya ba. Wannan bai isa labari a jarida ba?

Siyasa ma ta shigo. Ranar 8 ga Mayu ana tsakiyar wasan Punjab da Delhi a Dharamsala, lokacin rikicin Indiya da Pakistan ya yi zafi, aka kashe fitilun fili aka fitar da 'yan kallo, washegari aka dakatar da gasar gaba ɗaya, wasu baƙin 'yan wasa suka tattara suka tafi gida. Sai 17 ga wata aka dawo, shi ya sa wasan ƙarshe ya tashi daga Kolkata ya koma Ahmedabad ranar 3 ga Yuni, ana saura kwana kaɗan babbar sallah.

A nan zan ɗan daɗe, don ni ɗan Royal Challengers Bengaluru ne, a garin na yi karatu kuma a can na koyi son wasan. Ƙungiyar nan tun 2008 take neman kofi, ta je wasan ƙarshe a 2009 da 2011 da 2016 duk ta dawo hannu rabbana, kowace shekara magoya baya suna rera bana kofi namu ne, kowace shekara ana musu dariya. Virat Kohli kuma, shahararren ɗan wasan Indiya, tun kakar farko yake tare da su bai taɓa canza riga ba, ga shi da ya so tafiya babu ƙungiyar da ba za ta buɗe masa jaka ba. Lambar rigarsa 18, kakar ma ta 18 ce. A wasan ƙarshen nan da Punjab, 'yan Bengaluru ne suka fara duka suka tara 190, Kohli ya ci 43, gaskiya a filin nan makin bai yi yawa ba, cikina ya ɗuri ruwa. Sai Krunal Pandya ya zo ya yi jifa 24 ya ba da maki 17 kawai ya fitar da mutum biyu, shi ya shaƙe Punjab. Oba ta ƙarshe suna neman 29, Josh Hazlewood ya jefa biyun farko ba a ci ko ɗaya ba, tun a nan kyamara ta nuna Kohli a bakin iyaka idonsa ya cika yana rufe fuska da hannu, wasa bai ma ƙare ba. Shashank Singh na Punjab ya yi ta maza ya doka shida, huɗu, shida, shida, amma aikin gama ya gama, Punjab ta tsaya a 184, tazarar maki shida. Kohli ya durƙusa ya kifa kai a ƙasa yana kuka. Na ji tausayin Punjab fa, su ma ba su taɓa ɗauka ba har lokacin.

Washegari ne murna ta koma ciki, kuma wannan ne ainihin abin da ya sa na ɗauki waya nake rubuto muku. Ranar 4 ga Yuni aka kawo kofi Bengaluru, aka ce jama'a su zo filin Chinnaswamy, fili ne da bai wuce mutum dubu 35 zuwa 40 ba, a tsakiyar gari kusa da Cubbon Park, titunan da ke kewaye da shi ko ranar wasa ta yau da kullum da ƙyar ake wucewa. Mutane dubu ɗaruruwa suka fito, babu wanda ya san takamaimai ko da tikiti ake shiga ko kyauta ne, ko za a zaga gari da kofin ko an fasa, aka matsu a bakin ƙofofi, mutum 11 suka mutu, yawancinsu matasa, da dama suka ji rauni. A ciki kuma an ɗaga kofi ana tafi kafin a taƙaita bikin. An dakatar da kwamishinan 'yan sandan birnin, ƙungiya ta ce za ta ba kowane gida rupi miliyan ɗaya, daga baya ta sanar da miliyan biyu da rabi. Ka ajiye wannan kusa da miliyan 270 na ɗan wasa ɗaya, ka ajiye shi kusa da sama da dala biliyan shida da aka sayar da haƙƙin nuna gasar daga 2023 zuwa 2027. Gasar da za ta iya kwashe 'yan wasa daga Dharamsala a jirgin ƙasa na musamman cikin kwana ɗaya, ta yaya za a ce an kasa jiran kwana biyu ko uku a tsara yadda talakan da ya shekara 18 yana jira zai shiga ya fita lafiya? Ina son ƙungiyar nan har cikin raina amma wannan ba zan iya haɗiye shi ba. Kuma mu da muke cika filin Sani Abacha in Pillars na da babban wasa mun san yadda bakin ƙofa yake zama, labarin ya shafe mu.

Akwai wani ɓangaren kuma da ya kamata marubutanku su bibiya, kuɗin nan ya fara cinye wasan ƙasa da ƙasa. Gasar SA20 ta Afirka ta Kudu da aka fara a 2023, duk ƙungiyoyinta shida na masu ƙungiyoyin IPL ne. A watan Yunin 2025 dai Heinrich Klaasen ya daina buga wa Afirka ta Kudu yana da shekara 33, Nicholas Pooran na West Indies ya bi shi yana da 29 kacal, dukansu suna ci gaba da buga wa ƙungiyoyin kuɗi. Ban zarge su ba, kowa iyalinsa yake nema wa, amma ƙasashen da ba su da ƙarfi su ne za su sha wuya.

In kuma ana ganin duk wannan na nesa ne, to 'yan matanmu 'yan ƙasa da shekara 19 fa? A Janairun 2025 a Maleshiya, zuwan su na farko gasar duniya, suka doke New Zealand da tazarar maki biyu suka wuce zagaye na gaba. Kurket ɗin nan gajere zai shiga gasar Olamfik ta Los Angeles a 2028. Mutum nawa a Kano ko Kaduna ko Maraɗi suka ji haka?

Roƙona ba mai yawa ba ne. Idan kaka ta zagayo ku ware ko kwata ɗin shafi ne sau ɗaya a mako, sakamako da teburi da ɗan bayani da Hausa kan yadda ake ƙirga maki, sannan ku tura wakilinku wurin hukumar kurket ta Najeriya ya tambaye su me suke yi wa makarantun Arewa. In ba ku da mai rubutawa, akwai ɗalibanmu da yawa da suka dawo daga Indiya da za su yi muku da murna, ni ma ina ciki.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Mai karanta ku a kullum,
daga Zariya