Wasiƙa ga aminina kan gwajin garkuwar korona

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan dubun gaisuwa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata sauƙi.

Saƙonka ya iso ni, inda kake tambaya ko a kai Hajiya gwajin jinin nan na gaggawa, domin idan garkuwarta ta korona tana da ƙarfi a bar maganar ƙarin allura. Bari in fara da gwajin kansa.

Duk wanda korona ta kama ko aka yi masa rigakafi, jikinsa yana samar da garkuwa iri-iri, amma ba dukkansu ke hana ƙwayar shiga ba. Ƙwayar tana da ƙayoyi a jikinta, da su take maƙale wa wani furotin mai suna ACE2 a ƙwayoyin halittarmu, kamar makulli da kwaɗo. Garkuwar da ke toshe bakin ƙayar ita ake nema. A da sai an haɗa jinin mutum da ƙwayar cuta mai rai a ɗakin gwaji mai tsaro mataki na 3, a jira kwanaki. Ka san irin waɗannan ɗakunan ba ko'ina ake da su ba.

A 2020 Farfesa Wang Linfa na makarantar likitanci ta Duke-NUS a Singafo, tare da kamfanin GenScript, suka fito da gwaji mai suna cPass. Babu ƙwaya mai rai a cikinsa sam. Ana gauraya ruwan jinin da ɗan guntun ƙayar, a zuba a faranti mai ƙananan ramuka da aka shafe da ACE2. Idan guntun ya maƙale, ramin ya yi launi sosai; idan garkuwa ta tare shi, sai ka ga launin ya dusashe. Kusan awa ɗaya an gama. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ba shi izinin gaggawa a Nuwamban 2020. Wallahi aikin nan yana burge ni, don ya ba ƙananan ɗakunan gwaji damar da ba su da ita.

Kai da ke aikin dabbobi, zai yi maka daɗi ka ji cewa bai damu da jinin waye ba, na mutum ne ko na kyanwa. Sai dai kada ka sa rai da shi kan raƙuman mahautar Kano da aka gano ƙwayar MERS, wata 'yar uwar korona, a jikinsu. Ita waccan ba ta ACE2 take shiga ba.

To, batun Hajiya. Ni ban goyi baya ba. Gwajin yana auna abin da ke cikin jini ranar da aka ɗiba, kuma garkuwar nan tana raguwa cikin watanni. Ba ya ganin ƙwayoyin T, wato wasu ƙwayoyin jini masu kare jiki, waɗanda ke taimakawa wajen hana ciwon tsananta. Sannan da nau'in korona mai suna Omicron ya ɓulla a Nuwamban 2021, ƙayarsa ta sauya har ta riƙa kauce wa garkuwar da aka samu daga nau'in farko. Ita kanta FDA ta yi gargaɗi a 2021 cewa kada a dogara da gwajin garkuwa wajen yanke hukunci kan rigakafi. Mace mai shekaru irin nata, ga ciwon suga, don Allah ka kai ta wurin likitanta, a bi abin da ya ce.

Ka gaishe min da Hajiya, da mai ɗakinka da yara. Ka sanar da ni yadda kuka yi da likitan.

Wassalam,
Naka amini