Amsa Ga Alhajin Da Ya Tambayi La'adata

Assalamu alaikum, Alhaji, ranka ya daɗe.

Ranar Asabar, a taron iyaye da malamai, ka miƙe a bainar jama'a ka ce da ni: "Malam, wace takarda ce ta taɓa hana malami cutar da yaro? Ko ana ba ka la'ada ne a kan duk wanda ka tura rajistar malamai ta TRCN?" Aka bushe da dariya. Na yi shiru don girman furfurarka, amma maganar ta hana ni barci.

Shekara 31 ina riƙe da alli a garin nan na Katsina. Daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Marusa an san tsohon babur ɗina. In la'ada ce ta saye shi, lallai la'adar ba ta yi albarka ba. Cikin masu dariyar ma akwai waɗanda ni na koya wa baƙi da wasali.

Gaskiyarka, takarda ba ta riƙe hannun mugu. Amma ka san me take yi? An kafa hukumar rajistar malamai ta ƙasa, wato TRCN, da doka a 1993. Ba ta yi wa mutum rajista sai yana da NCE, wato takardar shaidar malanta ta ƙasa, aƙalla. Mai digiri a wani fanni sai ya ƙaro difloma ta koyarwa, ya kuma ci jarrabawar cancanta a kwamfuta, sannan a ba shi lasisi. Abin da aka ba ka kuwa ana iya karɓewa. Akwai kwamitin bincike da ke sauraren ƙorafi, akwai na ladabtarwa da ke da ikon soke sunan malami daga rajista.

Ga abin da na gani da idona. Wani malami ya mari yaro har kunnensa ya daina ji. Aka sallame shi a asirce, wai don rufin asiri. Zangon karatu bai zagayo ba na gan shi a wata makarantar, unguwa biyu tsakani, da bulala a hannu. Ba shi da rajista, to sunan wa za a soke? A ina mai makarantar zai duba?

Kukan da kake yi cewa kuɗin rajista ya yi yawa kuwa, ai bai kai na fentin get ɗin makarantarka ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, garin da aka buɗe kwalejin horar da malamai tun 1922, ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya, ga ta Isa Kaita a Dutsin-Ma suna yaye masu NCE suna yawo ba aiki, amma wasu masu makarantun kuɗi sun fi son ɗan sakandare, don shi ba ya musu a kan albashi. Ban ce da kai nake ba, Alhaji. Na dai lura ka fi kowa zufa da aka ambaci lasisi.

Taro mai zuwa zan zo da nawa a aljihu. Don Allah ka taho da na malamanka, mu ƙirga tare a gaban iyayen.

Naka,
Tsohon hedimasta, Katsina