Sauya Wuri Ba Ya Sauke Nauyin Zuciya

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon fili a jaridarka domin in yi tsokaci kan shawarar da muke saurin bai wa wanda ya ce rayuwarsa ta tsaya cik, wato ya sauya aiki ko ya bar gari. Sau da yawa yakan bi shawarar, ya ji sanyi na 'yan watanni, sannan wata safiya ya farka a sabon ɗaki da nauyin nan na da a ƙirjinsa, ya rasa dalilin tashi.

A 1978, masanin halayyar ɗan Adam Philip Brickman da abokan aikinsa a Amurka sun tattauna da mutum 22 da suka ci maƙudan kuɗi a caca, suka tarar farin cikinsu bai ɗara na sauran jama'a da wani abin kirki ba, domin rai yana saurin sabawa da sabon hali.

Ban ce a zauna cikin zalunci ko talauci ba. Amma idan ƙuncin ya haura mako biyu, barci ya gagara, abin da mutum yake so ya fita ransa, to a fara kai shi wurin likita kafin a taya shi haɗa kaya.

Naka,
Wani mai karatu