Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Gwamnan Jihar Gombe: daga ina zuwa ina jirginmu zai tashi?

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ya ɗawainiya da jama'a? Allah ya taimaka.

Maganar kamfanin jiragen sama da ku gwamnonin Arewa maso Gabas shida kuka ce za ku kafa ce ta sa na rubuto maka. Ba yau muka fara jin ta ba, an yi taro an sake yi, muna saurare a rediyo. Amma har yanzu babu wanda ya fito ya gaya mana garuruwan da jirgin zai riƙa zuwa, balle kuɗin tikiti. Ni kuwa a nan damuwata take.

Bara mahaifiyata ta kwanta rashin lafiya, likita ya tura mu Maiduguri. Zaman mota na wahalar da ita, sai na shiga neman jirgi. Abin da na samu shi ne mu tashi daga filin jirginmu na Lawanti mu sauka Abuja, mu jira, sannan mu sake sayen wani tikitin mu juyo gabas. Gombe da Borno iyaka ɗaya, amma sai mun je Abuja mun dawo! Kuɗin ya fi ƙarfina. Muka kwantar da ita a bayan mota muka bi ta Potiskum da Damaturu, tana nishi ina riƙe da hannunta. Wallahi ranar na yi kuka.

Ranka ya daɗe, duba taswira. Jihar nan ce kaɗai ta yi iyaka da sauran biyar ɗin duka: Bauchi, Yobe, Borno, Adamawa da Taraba. Allah ya riga ya ajiye mu a tsakiya. In ana neman mahaɗar da jiragen za su riƙa kwana su tashi da asuba, ina ya fi Lawanti? Abin da nake tsoro shi ne a zuba kuɗin talakawa, a wayi gari jirgin ya zama na kai manya Abuja ranar Litinin ya kwaso su ranar Juma'a. Wannan hanyar tana da masu bin ta. Waɗanda babu kowa a kansu su ne Gombe zuwa Maiduguri, Gombe zuwa Yola da Jalingo, Gombe zuwa Kano. Bauchi kam kusa ce, mota ta wadatar.

Kuma jirgi mai arha ba sadaka ba ne, tsari ne. Kamfanonin da suka yi nasara a kai, jirage iri ɗaya suke saye, don kayan gyara da horon matuƙa su zo da sauƙi. Ba sa barin jirgi ya yini a ƙasa, ya sauke ya ɗauka ya tashi. Mai babbar jaka ya biya kuɗinta daban, mai 'yar ƙaramar jaka ya wuce. Gajerun tafiye-tafiye irin namu ƙaramin jirgi mai farfela suke so, kamar ATR 72 mai kujeru wajen 70, wanda bai cika shan mai ba. Cika kujera 70 kullum ya fi tashi da ƙaton jirgi rabinsa wayam. Da haka ne ɗan kasuwar Tudun Hatsi ko malamin makaranta zai iya hawa.

Batun ƙasashen waje kuma, don Allah kada a yi gaggawa. Akwa Ibom ta fara Ibom Air a 2019, ba ta leƙa Accra ba sai 2023, bayan ta kafu a gida. In lokacin ya zo, mu ba Landan muke nema ba. Jidda da Madina muke so, domin mai zuwa Umara daga nan sai ya fara shan hanyar Kano ko Abuja. Flynas na Saudiyya, wanda shi ma kamfanin arha ne, yana kwasar alhazan Najeriya, ana iya zama da irinsa a yi yarjejeniya. Daga baya a duba Njamena da Garwa, inda 'yan kasuwarmu ke da hulɗa tun kaka da kakanni.

Ba mu manta da Nigeria Air, kamfanin jiragen da Gwamnatin Tarayya ta ce za ta kafa, ba. A watan Mayun 2023 aka nuna mana jirgi a Abuja, har yau bai ɗauki fasinja ko ɗaya ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Akwai batun soke tashi ba sanarwa, da tsadar mota daga gari zuwa Lawanti, amma waɗannan na bar su sai wani jiƙon.

Roƙona guda ne. Kafin a biya kuɗin jirgi ko ɗaya, ka sa a wallafa jerin garuruwan da zai riƙa zuwa da kimanin kuɗin tikitin kowanne, a karanta a gidajen rediyo da Hausa da Fulatanci, mu ji mu tofa albarkacin bakinmu. Mahaifiyata za ta koma ganin likita bayan Sallah, kuma har yanzu mota nake nema mata.

Wassalam.
Wani ɗan kasuwa daga Tudun Hatsi, Gombe